Hiltar da ta cinye zanen Kaka

Shekarar da damina ta yi muna rowa, gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone, Baba ya tahi Ikko cin rani. Ni ko ina aji biyar, babban yatsana bai hutawa bisa waya. A Gangara sabis sai ka hau kan rumbu, to rumbunmu ba komi ciki, shi na mayar ohis.

A shahina ni ɗan birni ne. Hilta guda nika sawa, ta goge ƙura, ta goge rama, ta goge har zanen Gobirci da ke kumatuna. 'Yan mata na ta zubo laik. Gaye ya haɗu!

Rannan Baba ya bugo. "Ɗauko min hoton tsohuwata, kewarta ta ishe ni."

Kaka ta sha ɗan kwali, ta zauna bisa turmi. Na ɗauka, na hau rumbu na tura. Wayar ta saba, ita da kanta ta sa hilta.

Ban sauko daga rumbu ba ya sake bugowa.

"Wagga wace ce?"

"Kaka mana, Baba."

"Uwata ba ta da huska awa ƙwai! Ina zanenta?"

Ina saukowa Kaka ta amshi wayar, ta kai hoton bakin hanci. "Miji na banza, wagga amaryar ta wa ce? Ruwa sun ƙi zuwa, gero ya tahi, ɗana ya tahi, yanzu huskata za ka kai wa Yarbawa ba gishiri?"

Kai! Na yi bayani har miyau ya ƙahe. Ta ce ko a sake, ko in manta da hurarta. Kuma sai na tsaya gehenta, nawa zanen a waje, bayanmu karan gero busasshe.

Munka sake. Baba ya bugo ya ce, "Yauwa. Ga ta nan."

Sai ƙanwata, sarkin shisshigi, ta ɗora hoton ta yi min tagin. Wallahi wata da watanni ina gina suna da datar da nika roƙo, tsohuwa ta zo da hoto guda ta take ni. Kwamen ɗari-ɗari, duk "Allah ja kwanan Kaka". Ni ko sunana ya koma Jikan Kaka, har makaranta.

Haushin shi ne, kullum da sahe sai ta ƙwala min kira: "Hau rumbu ka gano min, mutum nawa sunka gaishe ni?"