Gurbin da Taɓarya Ke Faɗawa

Duk wanda ya zauna Ƙofar Dundaye ya san Inno mai dakau. Shekara arba'in tana surfa geron mutane, turminta a ƙarƙashin dalbejiya, bakinta kuwa ba ya rabo da waƙa. Amma waƙa ɗaya ce tata ta kanta, wadda ta yi wa ɗanta na fari. Ya shiga soja lokacin yaƙin basasa, bargonsa kawai aka maido mata.

To, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, wannan ko yaro ya sani. Saboda haka in ta rera, "Ka tafi da rani, ga damina ta yi," sai ta yi shiru, taɓarya ta faɗa tim, sannan ta ɗora, "gero ya nuna." Shirun nan shi ne sunansa. Matan unguwa sun gane, ba wadda ta taɓa sa baki a wurin.

Sai kuɗin mai suka shigo, gari ya haukace. Kowane gida rediyo, kowane ɗan iska rikoda a kafaɗa. Akwai wani Habila da ke haya a gidan da ke jikin nata, da rana gyaran rediyo, ranar Asabar kaɗa jita a otal. Ya ce zai gwada sabuwar rikoda, ya ɗauki muryarta. Ita kuma, baiwar Allah, har da gyara zama.

Ba a yi wata shida ba waƙar ta fito a faifai. Wayyo! An sa mata ganguna da ƙaho, an mai da ita ta rawa. Daga kasuwa har tasha ita ake sawa, ita ce kan gaba a shirin gaisuwa. Kuma a daidai shirun nan, wurin da taɓarya ke faɗawa, sai ga mawaƙi yana kwarara, "Alhaji Muntari!" Wani ɗan kwangila ne da ya tafi Ikko da rani, ya dawo da mota da tumbi. Shi ne wai geron da ya nuna. Ni dai ban taɓa ganin rashin ta ido irin wannan ba.

Inno ta daure wata biyu, tana daka bakinta gum. Ran nan da hantsi sai ga Habila da sabuwar rediyo a kwali, yana washe baki, mata na tsaye da ƙoransu.

"Inno, ga tukuici. Waƙarki ta zagaye Arewa."

"Wa yab ba ka?" in ji ta. "Mi niy yi maka, Habila?"

"Haba Inno! Ai waƙar da rami a tsakiyarta. Mun ga kin manta baitin, shi ne muka cike miki."

Manta! Kun ji fa. Mutum ya ga kabari ya ce rami ne.

Don ya wanke kansa, ya murɗa rediyon. Kamar da gayya, waƙar ce ake sawa. "Ka tafi da rani, ga damina ta yi…" Inno ta saki taɓarya ta faɗi ƙasa. Ta buɗe baki, ta danne muryar mawaƙin da tata.

"Sodangi!"

Mata suka dafe baki. Hajjo, ƙawarta tun ƙuruciya, ta fashe da kuka. Shekara talatin da ɗaya ke nan da raɗa sunan, bai taɓa fita daga bakin Inno ba, har mai shi ya mutu bai ji ba. Yau ga shi ta jefar a titi, gaban ɗan haya.

Rediyo ba ta san kunya ba, ta zagayo da baitin. Inno na nan tsaye tana jiran gurbin, ta sake kiransa, har muryarta ta dushe.