Takunkumin Laftof ɗin Malam Ummaru

Duk shekarun da na yi ina koyar da kwamfuta a makarantarmu ta nan Illela, ban taɓa mantawa da safiyar Talatar da laftof ɗin Malam Ummaru ta ƙi magana ba. Ku sababbin malamai kun same ni da laƙabin Mai Kunne Huɗu. To, ban musa ba. Wasu tattabaru suke kiwo, ni hedifon nake tarawa. Da na ji an shigo da wani sabo Ƙonni, sai na hau babur in je in saurara, ko ban saya ba.

Malam Ummaru shi ne mataimakin shugaban makaranta a lokacin, ɗan gidan malamai, mai kunya kamar sabon ango. Kujerar shugaba ta zama babu kowa, ya nema. Tsarin kuwa shi ne kwamiti ya zauna a Sakkwato, ya gana da kowane mai nema ta bidiyo. Wanda aka kira bai amsa ba cikin minti goma, a wuce shi. Malam kuma saura shekara biyu ya yi ritaya, wannan ce damarsa ta ƙarshe.

Ƙarfe goma sha ɗaya aka ba shi. Goma da rabi ya aiko a kira ni. Na tarar da shi cikin babbar riga, gumi har gemu.

"Malam Nasiru, zo ka gani. Hoto na hita, murya babu."

Wallahi daɗi na ji. Ga ranar da za a san amfanina. Na ɗauko jakata, na baje hedifon bakwai a kan teburinsa kamar mai tallan hula. Na duba ƙarar sauti, tana sama. Na cire direban sauti, wato 'yar manhajar da ke haɗa kwamfuta da lasifika, na sake sakawa. Na kashe na kunna. Shiru. Duk ina yi ina masa lacca a kan bambancin sauti mai kauri da mai kaifi, shi kuwa agogo kawai yake kallo.

Saura minti takwas na ɗauko babban hedifon ɗina, wanda ko matata ba ta taɓawa. Na tura bakinsa cikin ramin, ya tsaya rabi. Na sake turawa, ya ƙi. Da na haska ramin da fitilar waya, sai ga wani ɗan ƙarfe yana ƙyalli a ciki. Karyayyen bakin iyafis ne, ɗan ƙaramin hedifon ɗin nan na cikin kunne. Ashe ita laftof a ganinta akwai hedifon a jikinta, can take ta zuba maganarta.

"Allah gafarta Malam, wa ya karya abu a nan?"

Ya sunkuyar da kai. "Ni nis sa aka yi."

"Don mi?"

Sai labari ya fito. Da azumin bara surukinsa ya zo daga Kalmalo. Malam ya buɗe laftof zai nuna masa wani littafi, sai wata talla ta faɗo da kiɗa da muryar mace tana rangaɗa waƙar soyayya. Ya danna nan, ya danna can, ta ƙi shiru, har ya kife ta da darduma. Washegari ya kai ta wurin mai gyaran rediyo ya ce a rufe mata baki. Shi kuma gwanin ya karya bakin iyafis ya cusa.

"Tun rannan ba ta ƙara ba ni kunya ba," in ji Malam. "Na manta da wanga abu sarai."

Dariya ta zo mini, amma sai tausayi ya kama ni. Na zare bututun tawadar biro, na ɗan ɗumama bakinsa da ashana, na tura ya kama ƙarfen, na ƙirga ashirin, na ja a hankali. Ya fito. Ko ajiye shi ban yi ba muka ji sallama daga Sakkwato, ana kiran sunan Malam karo na biyu. Na ɗora masa babban hedifon a kan hularsa, na fita na ja ƙofa.

Ya samu kujerar, shi ne shugaban da kuka tarar. Ni kuma abin da na koya shi ne, na ɓata minti ashirin ina tambayar na'ura, alhali mai ita yana zaune gabana da amsar. Yanzu kafin in taɓa kwamfutar kowa, sai na ce, "Me ka yi mata?"

Bayan ganawar na nuna masa maɓallin da ke kashe sauti, dannawa ɗaya tak. Ya duba, ya gyaɗa kai, ya gode. Sannan ya miƙo tafin hannu.

"Ba ni ɗan ƙarhen nan dai, Malam Nasiru. Surukina na tahe ran Juma'a."