Ta Kadi

A wani ƙauye kusa da Yekuwa, in ka ce wa yaro an taɓa yin zamanin da ba a san awara ba, dariya zai yi maka. To, an yi zamanin, wadda ta kawo ta garin ma tana nan da ranta. Kadi ce, matar marigayi Jibo mai amalanke.

Da ƙuruciya ta yi aikatau a Kano. A can ta ga yadda ake jiƙa waken suya, a niƙa, a tace, a tafasa, a zuba ruwan tsami ya dunƙule, sannan a danne da dutse. Da ta komo ta yi aure, sai ta aza kasko a ƙofar gida. Jama'a suka taru, amma kallo ya kawo su. Makiyaya suka shinshina suka ce cukun ƙarya ne, bai san saniya ba. Manoma suka ce ƙosai ne ya lalace. Haka Kadi ta yi ta kwashe abarta su cinye ita da miji, har wuyan Jibo ya fara kauri. Kun dai san halin mutane, wuyan nan suka gani suka fara sake shawara.

'Yan lakwal, wato yaran makarantar boko, su ne suka buɗe kasuwar. Da yake ba su riƙe sunan abin ba, sai su ce, "A ba ni ta Kadi." Sunan ya bi gari.

Allah bai ba Kadi haihuwa ba, abin kuwa yana cin ta, don ta san mai ɗa ake ambata bayan ransa. Saboda haka duk macen da ta zo koyo, ta koya mata kyauta. In ta ji 'yar talla a wata unguwa tana kiran "ta Kadi da zafi", sai ta ce, "Ga ɗiyata can tana yawo."

Awara ta shiga ko'ina: kan taliya, gefen dambu, wurin shan ruwa da azumi. Samari masu zuwa Magariya a kan babur suka komo da sunanta na birni, awara, aka daina cewa "ta Kadi". Kadi ta tsufa, ta sauke kasko, ta rage fita.

Ran nan da la'asar ta dogara sanda ta isa wurin wata yarinya, Saliha, mai suya a bakin hanya.

"Yarinya, ba ni ta Kadi."

"Iya, wace Kadi? Wannan tawa ce, ni na soya."

"Wa ya koya miki?"

"Koyo kuma? Awara ce fa, Iya, abincin kaka da kakanni. Ki barbaɗa yaji, haka ake cin ta."

Kadi ta barbaɗa yajin, ta ci a tsaye. Ta so ƙwarai ta sami abin gyara, ko gishiri ko suya, don ta sami bakin magana. Ba ta samu ba.