Tabarau na Aro: Tunawa da Mushe Lawali

Bana shekara goma sha tara ke nan da muka kai Mushe Lawali makwancinsa a Tasawa; mushe, haka muke kiran malamin boko a wajenmu. Abin da ya tuno mini da shi wannan karon wayar jikokina ce. Sun taru a zaure, kai bakwai a kan gilashi ɗaya, suna kallon wani ƙato mai rufaffiyar fuska yana jifan mutane da motoci. Na tambaye su ko shi ne mugun. Suka yi mini irin dariyar da ake yi wa tsoho, suka ce a'a, Kaka, ai shi ne mai ceto. Na ce to, Allah ya tsare mu da cetonsa.

Ba a waya na fara ganin irin waɗannan mutane ba. A shekarun farko na 'yancin kai, lokacin da gyaɗa ke da daraja, kamiyo, manyan motocin kaya, ke jere a bakin kasuwa ana loda buhuna, an tura ni koyarwa wata lakwal, wato makarantar boko, tsakanin Mayahi da Tasawa. Ba zan faɗi sunan garin ba, don 'ya'yan wasu da zan ambata suna nan da ransu, kuma sun iya karatu, ni na koya musu. Mushe Lawali shi ne diraktan lakwal ɗin. Ya girme ni da shekara goma sha biyu. Dogo ne, siriri, kuma yakan yi wani shiru kafin ya ba da amsa, shirun da ke sa mai tambaya ya fara zargin tambayarsa.

Wani Bature mai awon gyaɗa, da zai koma ƙasarsu, ya bar mana akwati cike da littattafan zane. Cikin mako biyu na cinye su. Akwai wani mutum a ciki mai tashi sama, alkyabba a baya, ɗan kamfai a bisa wando, yana isowa daidai lokacin da birni ya rasa ta cewa. Mushe Lawali ma ya karanta, amma da jan alƙalami a hannu, kamar mai duba aikin 'yan aji. Da ya gama sai ya ce mini, "Ƙanena, alkyabba na gani, ban ga rawani ba. Wa ya naɗa shi? In ya yi ba daidai ba, ƙofar wa za a kai ƙara?" Na ce ai ba ya yin ba daidai ba. Ya ce, "Haka mai zanen ya gaya maka."

Ya lura da abubuwan da ni na tsallake. Mutanen birnin ba su da sana'a sai ɗaga kai sama da buɗe baki. Alƙalai da 'yan sanda kullum a makare suke isowa. Mugun kuwa kusan kullum mai karatu ne, da sanƙo da tabarau da ɗaki cike da littattafai, ko kuma baƙo mai wata irin magana. Ya ba ni labarin cewa yana ɗan lakwal, lokacin yaƙin Turawa, kowace safiya akan jera su gaban hoton wani tsohon soja, a sa su rera cewa shi kaɗai zai ceci ƙasa. Ba a daɗe ba aka sauke hoton, aka ce musu maci amana ne. A bakinsa na fara jin kalmar fashist, wadda 'yan boko ke jifan juna da ita yanzu a rediyo kamar tsakuwa. Shi bai jefi littattafan da ita ba. Cewa ya yi ba su kai can ba, amma sun san hanyar gidan.

Ni dai na ɗauka tsufa ne ke damunsa, alhali bai kai arba'in ba.

Sai bikin 'yancin kai ya matso, aka ce kowace lakwal ta shirya wasan kwaikwayo. Na karɓi aikin da hannu biyu. Na rubuta labarin wani mugu mai lalata gyaɗar gari da asirin littattafansa, da jarumi mai rufe fuska da zai kama shi. Babban jam'iyya na garin ya ji daɗi har ya ba da alkyabbarsa, da sharaɗin ɗansa ne zai fito a jarumin. Lakwal ba ta da kayan wasa, don haka al'adarmu aro ce. Gida-gida ake bi, wannan ya ba da rawani, wancan takobi, kuma rabin daɗin kallon shi ne jama'a su gane kayan wa ke jikin wa. Na san haka sarai. Amma ina son muguna ya yi kama da na littafi, kuma duk garin mutum ɗaya ne ke sa tabarau.

Malam Ibro ke nan, mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin kasuwa. Kowa ya san tabarau ɗinsa, ƙafa ɗaya ta karye an ɗaure da jan zare. Shi ke rubuta wa masu 'yan'uwa a Katsina da Kano, a lokacin da duk takardar da ta tsallaka iyaka ake yi mata kallon makirci, samarin jam'iyya kuma na yawo da kulake suna neman maƙiyan ƙasa. An riga an fara raɗe-raɗi a kansa. Da na je aro, ya cire ya miƙo mini yana ƙyafta ido. "Mushe, a maido mini kafin magariba fa, in ba haka ba sai dai a ja ni gida."

Ran wasan, bayan la'asar, filin lakwal ya cika. Mugun na fitowa da tabarau mai jan zare wuri ya ɗauka: "Malam Ibro! Wallahi shi ne!" Na yi murna, ina ganin wasa ya karɓu. Amma dariyar ba ta daɗe ba. Sa'ad da mugun ya buɗe littafi yana tofa wa buhun gyaɗa, sai na ga kawuna na juyawa baya, inda Malam Ibro ke zaune a tabarma yana murmushi, don ba ya ganin komai. Samarin jam'iyya biyu suka tashi suka koma kusa da shi. A wurinsu lakwal ce ta yi magana, lakwal kuwa bakin gwamnati ce.

Jarumi ya shaƙe mugu, ana tafi, sai ga Mushe Lawali tsakiyar fili, shi da ban rubuta cikin wasan ba. Ya ce, "Sannu da aiki, samari. Ɗan gidan wa ne kai? Buɗe fuska mu gani." Yaron ya dubi babansa, ya dube ni, ya kwance ƙyallen. Aka fashe da dariya, don kowa ya san mai ceton namu sau biyu yana maimaita aji ɗaya. Sannan Mushe Lawali ya zare tabarau daga fuskar mugun, ya ɗaga sama. "Wannan na Malam Ibro ne. Mu muka je muka roƙa, ya ba mu don mutunci. Duk mai ƙara a kansa ya kai gaban alƙali da shaidu, fuska a buɗe." Ya ratsa taron a hankali, ya sa masa a ido da hannunsa. Samarin jam'iyyar nan biyu suka koma wurin zamansu.

Babban jam'iyya bai yi dariya ba. Kafin a dawo daga hutu takarda ta zo: an mai da Mushe Lawali wani ƙauye bayan Hawandawaki, aji ɗaya na zana, hanyar rairayi wadda ko kamiyon gyaɗa ke tsoro. Shekara tara ya yi a can. Malam Ibro ya ci gaba da rubutunsa har idonsa ya mutu gaba ɗaya, ba wanda ya taɓa shi.

Me Mushe Lawali zai ce da ya ga yau? Ba na jin yaran da ke kallon waya za su dame shi. Akwatin Baturen ma bai ƙona ba, ya tafi da shi ƙauye, ya koyar da Faransanci da shi. Manya ne za su dame shi, waɗanda nake ji a majalisa, wasu da furfura, suna cewa ƙasa ba ta buƙatar komai sai namiji ɗaya wanda ba ya shawara da kowa. Da zai yi shirun nan nasa, ya tambaye su su wa za su fito a mugu, kuma kayan wa za a aro musu. Kansa ma bai bari ba. Na taɓa tsokanarsa cewa ranar nan shi ne jarumin, tunda ya shigo ba a kira shi ba, daidai lokacin da gari ya ruɗe. Ya ɓata rai. "Ni kowa ya san ubana, kuma ana iya cire ni. Ga shi an cire."

Ba a sa sunansa a ƙofar wata lakwal ba, bai bar littafi ba. Abin da ya bari shi ne wasu tsofaffi tsakanin Maijirgi da Mayahi da ba sa tafi sai sun ga fuska. Akwai kuma abin da ya bar mini ni kaɗai, wanda ban taɓa rubutawa ba sai yau. Kujerar da aka cire shi a kai, ni aka ba. Babban jam'iyya da kansa ya ce yaron nan mai wasan kwaikwayo ya san abin da ƙasa ke so. Na karɓa, na gode. Tun daga lokacin nake gaya wa kaina cewa ƙuruciya ce, ban san abin da tabarau zai jawo ba, duk da cewa raɗe-raɗin da kowa ya ji ni ma na ji shi kafin in je aro. Bayan ya dawo mun yi shekaru muna shan shayi a ƙofar gidansa, yana kirana ƙanena, yana zuba mini kofin farko. Ko sau ɗaya bai tambaye ni ko na sani ba. Da ya tambaya, da na rantse masa ban sani ba, kuma ina jin rantsuwar ƙaryar nan ce ya so ya raba ni da ita.