Takardar masu awon rijiya

Maigida lafiya lau, ni ma da sauƙi, sai jikata Ummi da ke fama da gudawa sati biyu ke nan.

Jiya ina kakkaɓe tsohuwar adakata na ci karo da wata takarda. Zamanin soja, lokacin da ko sabulu sai an bi layi, wasu masu bincike sun zo garinmu Likoro sun ɗebi ruwan rijiyarmu a kwalba. Da suka dawo, ɗayansu ya miƙo mini ita.

Na ce, "Malam, ta mece ce?"

Ya ce, "Baiwar Allah, adana kawai, sauri muke."

Na kuwa adana, na zaci ta rabon kayan masarufi ce. Sai yanzu da na yi yaƙi da jahilci na haɗa baƙin da kaina: "Kada a sha ruwan nan, masai ya yi kusa da rijiya."

'Ya'ya biyu na binne a tsakani. Na san kwana ne ya ƙare, amma da mai binciken nan ya buɗe baki ya gaya mini fa? Har yau ruwan rijiyar muke sha.

Masu ilimi, mu cike ta ne, ko tafasawa ta isa? Don Allah ku amsa mini kafin Asabar, ranar da mahaƙan rijiyar da suka zo aiki garinmu za su koma Makarfi.