Kwat ɗin da ya riƙe mini kujera

Shekara shida na yi ina aiki a wani ofis a Garwa, amma in za a bi gaskiya, kwat ɗina ne ya yi biyu daga ciki.

Aikina karɓar dosiye ne, wato tarin takardun da mutum ke kawowa in yana neman wani abu a wurin hukuma. Mutum ya taso tun daga Figil, in jujjuya takardunsa, in ce saura hoto ɗaya, ya koma. In ya kawo hoton sai in miƙa wa na kusa da ni, shi kuma ya gano hatimin da babu. Ban taɓa ganin ƙarshen dosiye ko guda ba. Na tsani aikin nan tun watan farko, har ta kai kaina na fara ciwo tun yammacin Lahadi.

Abin da ya ɗaure ni a wurin mahaifina ne. Malamin allo ne, bai taɓa sa kwat ba a rayuwarsa, amma ranar da aka ɗauke ni aiki shi ya shiga kasuwa da kansa ya zaɓo mini baƙi mai kauri, irin wanda aka ɗinka don ƙasashen sanyi. Duk wanda ya zo gaishe shi a zaure, ko maganar rashin lafiya ce ta kawo shi, sai ya ji cewa ɗan Malam yana ofis. Ban ga bakin da zan buɗe in ce masa zan bari ba.

To, ofishinmu yana da al'adarsa. In za ka fita harkar gabanka, sai ka rataya kwat a bayan kujera, ka buɗe dosiye ɗaya, ka ɗora alƙalami a kai. Shi ke nan, kana nan. Duk wanda ya tambaya za a nuna masa kujerar a ce, "Bai yi nisa ba, ga kwat ɗinsa." Akwai ranar da na ƙirga kwat bakwai a ɗakinmu da mutum biyu.

Wasu gona suke zuwa, wasu shagon matansu. Ni bakin gadar Binuwai nake tafiya, wurin wani dattijo mai gyaran injin ban-ruwa na masu noman albasa. Babur ɗina na fara kai masa, sai na tsaya ina kallo. An kawo inji a mace, ya kwance shi, ya wanke, ya ɗaure, ya ja igiya, inji ya yi tari ya kama, ruwa ya feso. A gabana aka fara abu aka gama shi. Washegari na koma ba tare da babur ya lalace ba.

Da farko awa ɗaya nake yi. Daga baya sai in rataya kwat da safe, in dawo dab da tashi in ɗauke shi, bayan na dirje farcena da yashi da sabulu. A cikin wannan hali ne shef, shugaban ofishinmu, ya tara mu ya yabe ni. Ya ce duk lokacin da ya leƙo yana ganin alamata a wurina, kowa ya yi koyi da ni. Aka tafa mini sosai, domin kowa ya san wanda ake yabo.

Abin da ban lissafa da shi ba shi ne mahaifina bai san wannan al'ada ba. Wata Talata wani maƙwabcinmu ya kawo masa kukan dosiyensa da ya maƙale, Malam ya ce ai ɗansa yana can, su je tare. Wata abokiyar aikina ta tarbe su da fara'a ta ce, "Yana nan, Malam, ga kwat ɗinsa." Ɗan gari zai gane ya juya. Shi kuwa ya yarda, suka zauna a benci tun hantsi. Sai bayan azahar mai gadi ya ji tausayinsu ya faɗa musu inda nake.

Ina durƙushe cikin baƙin mai, ina fama da injin wani manomi, na ga takalman da na sani sun tsaya a gabana. Na ɗaga kai. Mahaifina ne, da kwat ɗina a ninke a hannunsa.

"Baba, zan yi maka bayani."

"Gama aikin mutane tukuna," in ji shi.

Na ɗaure sauran notunan. Na ja igiya sau uku, a na huɗu inji ya kama, ruwa ya feso har ya jiƙa wa mahaifina gefen riga. Manomin ya hau sa mini albarka da Fulatanci. Ban san ina dariya ba sai da na ga mahaifina yana kallon fuskata.

"Na kai maƙwabci wurin ɗana, na tarar da wannan," ya ce, yana ɗaga kwat ɗin. "Mun zauna tare rabin yini. Yana da ladabi, amma bai iya komai ba."

Na sunkuyar da kai. Kunyar da na ji ranar ban taɓa jin irinta ba, domin a gaban maƙwabci na kunyata shi.

Ya ci gaba: "Kujera tasu ce, ka mayar musu da ita. Kwat ɗin dai na riga na ɗauke shi daga aiki. Gobe kai ma ka je ka faɗa musu da bakinka."

Na je na faɗa. Shef ya ce sun yi rashin ma'aikaci mai zama.

Sati biyu mahaifina bai ambaci aikina a zaure ba. Ran nan ina wanke hannu a tsakar gida na ji wani baƙo ya tambaye shi ko ɗan nasa yana ofis har yanzu. Na tsaya da sabulu a hannu.

"Ya bari," in ji mahaifina. "Yana bakin gada yana gyaran inji. In ka je, shi za ka tarar."