Mai Shekara Sifili a Gidan Mai Agogo

Kusan duk ƙuruciyarsa Mai Agogo ya ƙarar da ita a wani ɗan shago mai faɗin tabarma biyu, gilashi manne a ido, yana tsintar kusoshi masu kamar ƙwayar yashi. Da waya ta shiga hannun kowa, agogon hannu ya koma kwalliya, shagon ya zama wurin hira kawai. Amma shi mutum ne da hannunsa ba ya zama. Ya taɓa kwance fankar gidansa tana lafiya ƙalau, don kawai ya ga abin da ke juya ta. Matarsa takan ce da ana buɗe mutum da sukudireba, da tuni ya buɗe ta.

Sai 'yarsa ta fari ta sayi sabuwar kwamfuta, ta bar masa tsohuwar wai ya riƙa kallon labarai. Labarai ba su dame shi ba. Abin da ya kama shi, ya gano ana iya rubuta wa na'urar umarni layi-layi ta bi, kamar yadda haƙorin agogo ke tura na gabansa. Da yatsa ɗaya yake neman haruffa, yana bin darasi a waya, abinci na hucewa a gefensa.

Abu na farko da ya haɗa da kansa wata 'yar manhaja ce mai tambayar lamba. Ka ba ta, ta sake tambaya, in ka gama ka danna sifili, sai ta faɗa maka mafi girma, mafi ƙanƙanta da matsakaici. Ran da ta yi aiki ba tare da jan rubutun kuskure ba, ya fito da takalmi ƙafa ɗaya yana dariya shi kaɗai, ya ce kowa ya bar abin da yake yi.

Aka taru a falo: matarsa, ƙanwarsa da ta zo ziyara, ɗansa direba da amaryarsa. Ya ce kowa ya shigar da shekarunsa da hannunsa. Matarsa ta rage biyar, ya gani ya haɗiye don zaman lafiya. Ƙanwarsa ta kare madannai da tafin hannu. Shi ya danna sifili, ya ja baya yana murza hannu, baki har kunne.

Mafi girma ya fito daidai, nasa ne. Mafi ƙanƙanta kuwa, sifili.

Nan take ya gane ɓarnar. Na'urar ta ƙirga sifilin rufewa a cikin mutane, shi ya sa matsakaicin ma ya faɗo ƙasa. Ya buɗe baki zai yi bayani, ƙanwarsa ta riga shi.

"Yaya, injinka ya ce akwai mai shekara sifili a ɗakin nan. To ni dai na wuce wurin, matarka ma haka."

Ta juya a hankali ta ƙura wa amarya ido.

Amarya ta rufe fuska ta fita a guje har tana karo da ƙofa. Direba ya shiga sosa ƙeya yana kallon silin. Ashe ciki gare ta, sun jima suna ɓoye zancen don kunya. Matar Mai Agogo ta miƙe tana rawa ba kiɗa, shi kuwa yana ta rantsuwa kuskurensa ne, babu mai sauraronsa. Can sai maganar ta isa kansa, ya zauna jagwab, ya ce ke nan shi kaka ne, ya sake fashewa da dariya.

Kafin yamma labari ya kai bakin layi cewa kwamfutar Mai Agogo tana gane ciki. Wata maƙwabciya ta lallaɓo a duba ta. Ya ba ta kujera, ya nuna mata layin da ya yi kuskure, bayani ya yi tsawo har ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Ya gyara abinsa, ya sa manhajar ta tsaya kafin ta ƙirga sifili, sannan ya kira ƙanwarsa ta gwada. Da na'urar ta tambaye ta shekaru, ta rubuta mata "ba ruwanki". Allon ya cika da jan rubutu, komai ya tsaya cak. Mai Agogo ya yi dariya har da hawaye, ya ce wannan bai taɓa zo masa a rai ba. Ya jawo kujera ya gyara zama. Har yanzu yana can yana koya wa manhajar yadda za ta yi haƙuri da mai baƙar magana, ta sake tambayarsa cikin ladabi.